Tukunyar da Habboba ta kife

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan uwana mata na Gadarif da Kassala da Mai Wurno, da duk inda yaƙin nan na Sudan ya watsa mu.

Kwana uku ke nan wayata ba ta huta ba a kan wani gajeren labari da ɗalibata ta rubuta, yarinya 'yar shekara 19 da iyayenta suka gudo nan daga birnin Madani a ƙarshen 2023. Ta sa shi a zauren WhatsApp na islamiyyarmu, daga nan ya bazu. Wasu sun ce ta tona mana asiri a gaban Larabawa, wasu sun ce boko ne ya ɗebe mata kunya. Wata uwa da nake ganin girmanta ta turo min saƙon murya, ta ce: “Malama, ki ja mata kunne.” Ban ja ba, kuma ina so ku ji dalili.

Ga wadda ba ta karanta ba, labarin wata mai jego ce a haihuwar fari. Kullum safe da yamma kakarta, wadda kowa ke kira Habboba, tana hura wuta a bayan rakuba, wato rumfa, ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mata a jiki, sannan ta miƙa mata kwanon kunun kanwa ta ce ta shanye. A mako na uku ƙafafun yarinyar suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi sama-sama. Habboba ta duba ta ce sanyi ne ya shige ta, ruwan bai ratsa ta ba, a ƙara itace. Aka ƙara. Mijin ya so ya ɗauko raksha, keken haya mai ƙafa uku, a tafi asibiti, aka ce masa mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, kuma wannan ba maganar maza ba ce. Ya koma ya zauna. Bayan an kai ta makwanci, Habboba ta wanke tukunyar tas, tana kuka, ta kife ta a ƙuryar ɗaki, ta ce a ajiye wa ƙanwar marigayiyar, mai cikin wata bakwai. A nan labarin ya tsaya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikinsa. Da yarinyar ta sako kishiya mai baƙin ciki ko boka mai cin amana, da duk mun karanta mun ce Allah wadai, mun yi barcinmu. Sai ta sako tsohuwar da ke tashi kafin assalatu ta faskara itace da hannunta saboda ƙauna. Ina jin abin da ya fusata mu ke nan. Kowaccenmu ta san Habboba, wata ma ita ce.

Ni kaina na taɓa zama ita. Lokacin da ƙanwata ta haihu, ni na riƙe mata kwanon kunun nan a baki tana kawar da kai, ina ce mata daure. Allah Ya sa maƙwabciyarmu ungozoma ce, ta shigo barka, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba, ta ce a kashe wutar nan yanzu a kai ta ga likita. Har yau idan na tuna na roƙi Allah gafara, don da aka tambaye ni a ranar me ya sa nake yi, amsata ɗaya ce: haka muka taso muka gani.

Wannan amsar fa Alƙur'ani ya san ta. A Baƙara aya ta 170, idan aka ce musu su bi abin da Allah Ya saukar sai su ce a'a, za su bi abin da suka iske ubanninsu a kai. Ta sake zuwa a Ma'ida aya ta 104, da Luƙman aya ta 21, da Zukhruf aya ta 22 da 23. Ban ce mai wankan jego ta yi shirka ba, Allah Ya tsare harshena. Amma ƙofar da ake shiga ɗaya ce, wato mutum ya ajiye hankalin da Allah Ya ba shi ya ce na baya sun riga sun yi masa tunani.

Ku dubi abin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, Allah Ya yarda da su, game da Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru da aka ambata a surar Nuhu. Ya ce sunayen mutanen kirki ne. Da suka rasu aka kafa alamu a inda suke zama, aka sa musu sunayensu, kuma ba a bauta musu ba sai da waɗanda suka kafa suka mutu, ilimin ya gushe. Haka al'ada take yi. Dalilin yakan riga aikin mutuwa, jikoki su gaji aikin kawai. Iyayenmu sun ji tsoron sanyi ya kama matar da ta zubar da jini, suka ɗumama mata ruwa, suka hutar da ita daga daka da surfe, suka ba ta gasasshen nama. Wannan tausayi ne, Allah Ya saka musu. Mu kuma sai muka riƙe wutar a zafin Gadarif na watan Afrilu, inda ko ruwan randa ɗumi yake yi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kanwa da tsananin zafin nan. Kanwa cike take da gishiri, gishiri yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki a lokacin da take a gajiye. Shari'a ba ta ɗora wa mai biƙi wani wanka ba illa wankan tsarki idan jini ya ɗauke. Abin da ta ɗora mana duka shi ne faɗar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam: ba cuta, ba cutarwa. Hadisi na 32 ne a Arba'una, yaranmu sun haddace shi.

Na san abin da ke ƙarƙashin fushin nan, don ina da shi. Mu mutane ne da aka haifa a nan, aka haifi iyayenmu a nan, amma har gobe wani zai dube ka ya ce Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma a Sudan, kamar jiya ka sauka. Wanda yake haka yakan ƙanƙame duk abin da ya zo da shi daga gida, yana tsoron in ya saki ɗaya sauran za su zube. Mu riƙe harshenmu, da gaisuwarmu ta durƙuso, da tuwo da miyar kuka kusa da kisra, gurasar mutanen Sudan, da zumuncin da ya sa gida ɗaya a unguwarmu ya ɗauki iyali huɗu na 'yan gudun hijira. Amma mu tuna su wa muka gada. Waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila a 1903 suka biyo gabas har suka kafa Mai Wurno a bakin Nilu, sun bar gonaki da kaburburan iyayensu ne saboda abin da suka gamsu shi ne gaskiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa rayuwarsa ya ƙarar yana yaƙar al'adun da suka saɓa wa sunna, kuma a Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Yarinyar da ta koyi rubutu har ta iya tambayar me ya sa, ai jikarsu ce ta gaske.

Marubuta kuma, ku ji tsoron Allah a alƙalaminku. Kada ku mai da tsofaffinmu abin dariya, kada ku ɗauki sirrin wani gida ku canja suna ku ce ƙirƙira ce. Ɗalibata ta bar wa Habboba mutuncinta da hawayenta, shi ya sa na tsaya mata.

Ranar Alhamis bayan la'asar, in Allah Ya kai mu, za ta karanta mana labarin da bakinta a makaranta, ungozomar nan ma ta yi alkawarin zuwa. Uwar da ta turo min saƙo, na aika mata cewa ni zan je in ɗauko ta. Kafin nan, duk wadda take da mai jego a gida ta duba ƙafafunta yau da dare. In sun kumbura, ko tana haki in ta kwanta, a sauke tukunya a kai ta asibiti, ko da kwananta uku da haihuwa.