Jini a ƙirjin rigar mai gudu

Samarin unguwannin Nima da Mamobi na birnin Akara masu fita gudun asuba zuwa bakin tekun Labadi sukan firgita in sun ga ɗigon jini biyu a gaban riga, su ɗauka ciwon ƙirji ne. Riga ce kawai ke gugar kan nono har fatar ta saluɓe.

Rigar audugar da ake ganin ta fi taushi ita ta fi yin wannan ɓarna. Tana shan gumi ta yi nauyi, laimar iskar Akara ba ta barinta ta bushe, gishirin gumin kuma yana ƙara kankarar fatar a kowane taku. Sa rigar wasanni ta poliyesta wadda ta kama jiki.

In gudun gajere ne, basilin ko man kaɗe ya isa. In zai yi tsawo, man na iya gogewa, sai filasta. Rage gashin wurin, goge fatar ta bushe sarai, sannan ka manna. In ka shafa mai tukuna, ba za ta kama ba. Cire ta a wurin wanka.

Amma jinin da ya fito ba tare da gudu ba, ko ka ji ƙullutu, ka je asibiti, kada ka jira.