Elizabeth Cotten da kaset ɗin da muka bari a cikin kwali

Wani dattijo mai koyar da jita a nan Syracuse, tsakiyar jihar New York, ya yi wata tambaya da har yanzu take ci mini rai. An kunna masa Barmani Choge a waya, kiɗan ƙwarya ya kama shi, sai ya nemi a faɗa masa shekarar da aka ɗauki waƙar, da garin da aka ɗauke ta, da sunayen matan da ke amshi, da inda zai sayi kwafi mai kyau don kuɗinsa ya isa ga iyalanta. Babu wadda aka iya amsa masa a cikinsu. Abin da ke hannu shi ne hoto ɗaya dishi-dishi a YouTube, da sauti mai shuu wanda aka kwafa daga kwafin kwafi, da sunan wanda ya ɗora shi an rubuta da manyan baƙaƙe fiye da sunan mai waƙar.

Ba da gadara ya yi tambayar ba, haka aka saba a nan. Syracuse gari ne na dusar ƙanƙara. Da hunturu manyan motoci ke fita tun kafin asuba suna ture ta gefe suna watsa gishiri a kan titi, gidaje kuma yawanci na katako ne masu hawa biyu da baranda a gaba, kowanne da shebur a jingine bakin ƙofa. A kudancin garin, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, akwai wani ɗan fili mai ciyawa da bishiyoyi da ake kira Libba Cotten Grove. A 2012 aka kafa mutum-mutumin tagulla na wata tsohuwa riƙe da jita a wurin, wato Elizabeth Cotten, wadda ake kira Libba. Kada wani ya ɗauka mutum-mutumi nake nema mana. Addininmu bai ba shi wuri ba, kuma ba shi ne ya tsare sunan matar nan ba. Tef ne da takarda suka tsare shi.

An haifi Elizabeth Cotten a 1893 kusa da Chapel Hill, a Karolina ta Arewa. Tun tana ƙarama ta shiga aikatau a gidan Turawa, ta tara ɗan ladan da ake ba ta ta sayi jita ƙirar Stella a kan dala 3 da santi 75. Ba wanda ya koya mata. Wajen shekara 12 tana duniya ta tsara waƙar da duniya ta sani da “Freight Train”, saboda jiragen ƙasa na kaya da take ji suna wucewa kusa da gidansu. Daga nan aure, haihuwa, da coci inda aka nuna mata waƙoƙin duniya ba su dace da mai ibada ba. Ta ajiye jita sama da shekara 20.

Abin da ya bambanta kiɗanta yana cikin hannunta. Bahaguwa ce. Jita tana da tsirkiya 6, masu kauri 3 a sama, sirara 3 a ƙasa. Mai kiɗa da dama yana sa babban yatsa ya riƙa dukan masu kauri, ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, su ne ginshiƙin kiɗan, sauran yatsu kuma su fitar da karin waƙar a kan sirara. Bahago yakan cire tsirkiyoyin ya sake jera su. Ita ba ta cire komai ba, juya jitar kawai ta yi, sai sirara suka koma sama, masu kauri suka dawo ƙasa. Saboda haka manuninta ne ke riƙe ginshiƙin yana jan tsirkiya zuwa sama, babban yatsa kuma ke rera karin da tsokarsa. Shi ya sa karin waƙarta ke fitowa da taushi da cika, ginshiƙin kuma ba ya danne shi. Masu kiɗa da dama suna iya buga duk sautukan da ta buga, amma wannan laushin ba ya samuwa gare su daidai, domin yatsun sun yi musanyar aiki.

Har yau da waƙar nan ake buɗe wa ɗalibai ƙofar kiɗan yatsu a Amurka. Kamu, wato yadda ake danne tsirkiyoyi da yatsu, huɗu ne kacal, C da G7 da E7 da F. Inda ɗalibi ke faɗuwa sananne ne: da zarar karin waƙa ya shigo tsakanin bugu biyu, sai yatsan ginshiƙi ya tsaya yana jira. Maganinsa a raba aikin. Mako ɗaya ko biyu ginshiƙi kaɗai, bugu 60 a minti, har mutum ya iya yin magana yatsan yana tafiya. Sannan a ƙara sautukan da ke faɗowa tare da bugu, yatsa biyu su tsunkuli tsirkiya lokaci ɗaya. Waɗanda ke shiga tsakanin bugu su ne na ƙarshe. Wanda ya yi gaggawa ya haɗa su tun ranar farko, zai daɗe yana tuntuɓe a wuri ɗaya. Na tsaya a kan wannan ne don a ga irin zurfin da aka bi: an zauna an rubuta motsin kowane yatsa na matar da ba ta taɓa karanta rubutun kiɗa ba. Ɗan Maraya Jos ya fitar da abin da ya fitar daga kuntigi, tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi da fata. Ya rasu a Yunin 2015. Yaron da ke son koyon yadda yake danna tsirkiyar nan yau, ina zai dosa?

Yadda aka gano ta kuwa ikon Allah ne. Tana aiki a wani babban kanti a Washington, wata yarinya ta ɓace wa mahaifiyarta, ta tsince ta ta mayar. Yarinyar ita ce Peggy Seeger, uwar kuma Ruth Crawford Seeger, gida ne na masana kiɗa. Suka ɗauke ta aiki, can ne ta sake ɗaukar jita daga bango. Peggy ta tafi Ingila da waƙar jirgin a bakinta, a 1957 wata ƙungiyar mawaƙa ta can ta buga ta a faifai ta yi kasuwa ƙwarai, aka rubuta sunayen wasu maza a matsayin masu ita. Sai da aka yi da gaske, da taimakon iyalan Seeger, kafin a mayar mata da haƙƙinta. Mike Seeger, ɗan gidan, kuma ya ɗauki rikoda mai tef ya je gidanta ya naɗi kiɗanta a ɗaki, kamfanin Folkways ya fitar da faifan a 1958. Shekarunta 65 a lokacin.

Folkways ɗin nan shi ne abin da nake so mutanenmu su duba. Moses Asch ya kafa shi a 1948, ƙaramin kamfani mai zaman kansa, da ƙa'ida ɗaya: faifan da ya fita ba a janye shi daga kasuwa ko da mutum biyar ke saye a shekara. Kowane faifai da ɗan littafinsa a ciki, mai faɗin wanda ya yi, da inda aka ɗauka, da wanda ya ɗauka, da baitocin. Bayan rasuwarsa cibiyar Smithsonian, mai adana kayan tarihi a Amurka, ta karɓi faifai sama da 2,000 a 1987, bisa sharaɗin ba za a bar ko ɗaya ya ɓace ba. Yau kana zaune a Funtua kana iya sauke ɗan littafin faifan 1958 kyauta a intanet.

Ba zan ce Amurka ta yi wa matar nan adalci ba. Ƙuruciyarta da ƙarfinta duk sun ƙare a wanke-wanke da goge ɗakunan wasu, a ƙasar da launin fatarta ya rufe mata ƙofofi. Lambar Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka, ta zo mata a 1985 tana da shekara 92, ta rasu ranar 29 ga Yuni, 1987 a nan Syracuse. Mu kuwa Shata tun yana raye ya ga gata, ya hau doki ya hau mota, sarakuna da attajirai suka yi masa abin da aka sani, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Malaman jami'o'inmu irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aikin tattara tarihin makaɗa da baitocinsu, kuma duk wanda ya ce Bahaushe bai san darajar waƙa ba, bai taɓa ganin fili ya cika don kalangu ba. Raina yana ɓaci idan na ji wani a nan yana magana kamar ba mu da komai.

Amma gaskiya ɗaya ce. Mu daren muke biya, su waƙar suke biya. Liƙi da kyauta da kujerar Makka duk na wanda ke tsaye a fili ne, da an tashi an gama. Ba wanda cinsa da shansa ya rataya a kan tef ɗin, don haka ba wanda ya kula da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta ba mai waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa, to amma magajin da ba shi da asalin tef, ba shi da takardar da ta nuna shekara da wuri, da me zai tsaya a gaban alƙali? Kuma a ƙarƙashin wannan akwai abin da ba mu son faɗa, wato kallon da muke yi wa maroƙi da zuriyarsa idan maganar aure ta taso.

Kaset kuwa ba ya jira. Zarensa roba ce mai faɗin milimita 3.81 da aka shafa wa garin ƙarfe, zafin bazara yana lanƙwasa shi, danshin damina yana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana kankare shi duk lokacin da aka kunna. Wanda ke da kwali a gida, ga abin yi. A fara ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada a goge shi bisa kuskure. A duba ɗan soson da ke bayan zare a tsakiya, domin mannensa yakan bushe ya faɗi, in babu shi sauti zai riƙa shiga yana fita. Wanda ya yi farin fumfuna a ware shi, kada a sa shi a rikoda, zai shafa wa sauran. A goge kan rikoda da tayar robar da ke jan zare da auduga da sifirit, a bari su bushe. In murya tana rawa ko tana jan ƙafa, bel ne ya saki, a canza shi kafin a ci gaba. A tura kaset gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don zaren ya saki jiki. Masu minti 120 sun fi kowanne siranta, su rikoda ta fi taunewa, sai an tsaya a kansu. Akwai wani ɗan sukuru a gefen kan rikoda, a juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare har sautin kalangu ya fito tas, domin kowane kaset da karkatar kan da aka ɗauke shi da shi, kuma yawancin dushewar da muke ɗora wa tsufa daga nan take.

Kada a kara waya a bakin lasifika. A ja waya daga mafitar sautin rikoda zuwa kwamfuta, a adana a tsarin WAV, 24 bit, 96 kHz in da hali, in babu 48. MP3 da WhatsApp suna zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya yi ƙarami, abin da suka zubar ba ya dawowa. Kwafin farko a bar shi yadda ya fito da shuu ɗinsa, gyara a yi shi a kan kwafi na biyu. A yi kwafi 3, ɗaya a wani gari. Kaset ɗin kansa kada a yar, a jera shi a tsaye cikin gidansa, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. Manyan tef na gidajen rediyo na shekarun 1970 da 1980 wasu sukan yi danƙo, sai an gasa su a zafi wajen digiri 54 na awoyi kafin su kunnu, wannan aikin ƙwararru ne, domin akwai irin tef ɗin da zafi ke kashewa gaba ɗaya.

Sai takarda, wadda ta fi duk wannan wuya don tana buƙatar mutum mai rai. Wa ya yi waƙar, su wa ke amshi, wa ke kan kalangu, bikin wa, wace shekara, wa ake yi wa habaici a baiti na uku. Tsofaffin da suka san amsar suna tafiya.

Kuma ba manyan mawaƙa kaɗai ba. Elizabeth Cotten ba ta da 'yan amshi ba ta da sanƙira, kaka ce mai yi wa jikoki kiɗa da dare. Irinta suna cike da gidajenmu, da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno a bakinsu, injin niƙa kuma ya riga ya raba 'yan mata da dutse. Mu da ke waje mun fi kowa laifi a nan, mun kuma fi kowa asara. Muna aika kuɗin waya mai tsada, ba mu taɓa cewa a zaunar da Inna a ɗauki muryarta na awa ɗaya ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna dawowa daga makaranta da waƙoƙin mutanen Karolina a bakinsu, suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, in an miƙa musu waya su gaida kakarsu sai su tsaya a “ina kwana”. Ba na jin haushin makarantar, abin da aka adana mata ta koyar. Duk mai zuwa gida hutun bana ya sa ƙaramar rikoda a jaka, ya zaɓi ɗakin da ba fanka ba janareta, ya ajiye ta kamar taƙi ɗaya daga bakin tsohuwa, ya fara da faɗin sunanta da garin da kwanan wata kafin ta soma.