Mil ɗin na yarda da shi, kalorin ne nake wa kallon tsanaki

Lokacin da nake gida ban taɓa jin an tambayi mai keke mil nawa ya yi a mako ba. Keke abin zuwa wuri ne: ka hau, ka isa, ka jingine shi a jikin bango. Nisan hanya a cinyarka kake jin sa. Da zama ya kawo ni Ingila, sai na tarar da mutanen da ke sammako ranar Asabar, su yi doguwar kewaya su dawo inda suka tashi, kafin gumi ya bushe kowa ya zaro waya yana duba Strava, manhajar ƙirga nisa da saurin tafiya da ta fito a 2009. Yau shekara huɗu ke nan ina cikinsu, kuma ina son abin har zuciyata.

Ƙirga mil ya amfane ni. Wanda ya rubuta mil 40 a makon jiya ba zai wayi gari ya ce zai yi 100 a rana ɗaya ba, wato kusan kilomita 161, sai dai in yana neman ciwon gwiwa. Lissafin yana sa mutum ya ƙara a hankali, kuma yana hana shi yaudarar kansa idan lalaci ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da mintoci take magana: 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici.

Inda na sha bamban da abokan hawana shi ne maganar kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci da jiki ke ƙonawa. Wata Asabar mun yi mil 60 ni da wani abokina, hanya ɗaya, taya kusa da taya. Da muka tsaya, agogonsa ya ce ya ƙona 2,900, nawa kuwa bai kai 2,000 ba. Ya riƙe lambar nan kamar shaidar asibiti, har ya tsara abincin yininsa a kanta. Abin ya dame ni, domin mutumin da gaske yake son rage ƙiba, kuma wata shida yana fama sikeli bai motsa ba.

Agogon ba ya ganin abin da jiki ya ƙona, kintata yake yi. Yana haɗa nauyinka da shekarunka da bugun zuciyarka ya fitar da lamba. Shi kuwa bugun zuciya, zafin rana na ɗaga shi, ƙishirwa na ɗaga shi, rashin barci ma haka. Idan manhajar da saurin keken kawai take aiki, to ba ta san iska na dukanka a ƙirji ba, ba ta kuma san ka laɓe a bayan wani yana tsaga maka iskar ba. Wannan kuwa duk wanda ya taɓa taka keke da kaya a baya ya san shi ba tare da na'ura ba: zuwa da dawowa a hanya ɗaya ba wahala ɗaya ba ce.

Wani dattijo a cikinmu, mai na'urar auna ƙarfin taka feda, shi ya warware mini lissafin. Idan ka riƙe wat 150 (ma'aunin ƙarfin takawa) na tsawon awa guda, ka yi aikin kilojul 540 (ma'aunin jimillar aikin da ka yi). Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na abin da jiki ya ƙona yake isa ga feda, sauran zafi ne da gumi. Kalori ɗaya kuma ya ɗan haura kilojul huɗu. Sai biyun su kusan share juna, kilojul 540 ya zama kalori 540 ko kusa da haka. Awa huɗu a haka, 2,160 ke nan. Da abokina ya ji wannan sai ya yi shiru, ya daɗe yana kallon agogonsa.

Ba cewa nake a hau doguwar hanya da yunwa ba. Wanda ya taɓa jin ƙafafunsa sun mutu a mil na 50, idanunsa na ganin duhu, ya san dole a ci a sha tun ana kan sirdi, kafin jiki ya nema.

Ni dai na cire lambar kalori daga fuskar agogona. Daren Lahadi nakan rubuta abu uku a littafi: mil, awanni, da layi ɗaya kan yadda jiki ya ji. Na makon jiya ga shi: mil 74, awa biyar da rabi, iska a fuska tun daga gada har ƙofar gida, gwiwar hagu lafiya lau.