Shirun minti ɗaya a cocin Manchesta

Lahadin farko da na shiga wani cocin Anglika a Manchesta, na zaci limamin ya manta abin da zai faɗa ne. Ya ce mu tuna da zunubanmu a gaban Allah, sai ya yi gum. Ba ganga, ba tulun Zumuntar Mata, ba mai ɗaga murya da "Amin". Tsofaffi ne 'yan kaɗan, kowa ya sunkuyar da kai. Shirun bai fi minti ɗaya ba, amma sai da zufa ta keto mini a cikin sanyin Ingila.

Ni ɗan cocin ECWA ne daga Kudancin Kaduna, kuma wajen roƙon ƙarfi ba wanda zai gwada mana. Mukan kwana a coci muna addu'a har asuba: Allah ya tsare hanyar Abuja, ya ba da damina mai albarka, ya kunyata maƙiya. Wanda ya ga rikicin Kaduna na 2000 ba sai an koya masa kuka ga Ubangiji ba. A nan kuwa addu'arsu ta neman taimako sanyi gare ta, kamar mai cike takardar ofis. Wataƙila don asibiti ba a biya, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Kewar gida na kama ni a kan wannan, ba na ɓoyewa.

Amma ga inda nake ganin mun yi sakaci. Neman gafara a wurinmu yakan zama kamar sallama a bakin zaure: "Ka gafarta mana zunubanmu, na sani da na rashin sani," numfashi ɗaya, sai mu wuce ga jerin bukatu. Laifin maƙiyi muna iya lissafa shi dalla-dalla, namu kuwa a dunƙule muke miƙa shi. Sarki Dawuda bai yi haka ba. Da annabi Natan ya tsare shi kan Batsheba, matar da ya ɗauke, da jinin mijinta Uriya, Zabura 51 ce ta fito daga bakinsa. Sai da ya amsa laifinsa, ya roƙi zuciya mai tsabta, kafin ya nemi ruhun da zai riƙe shi. Mai karɓar harajin nan da ya je haikali yin addu'a, a misalin da Yesu ya bayar a Luka 18, shi ma ko ido bai iya ɗagawa sama ba, shi ne kuwa ya koma gida baratacce a gaban Allah, ba Bafarisiyen nan, masanin addini, da ya iya tsara magana ba.

A cikin shirun nan, abin da ya faɗo mini yayana ne. Shekara huɗu ba ma magana saboda gonar citta da Baba ya bari. Kullum ina karanta Addu'ar Ubangiji, ina cewa a gafarta mini kamar yadda nake gafarta wa masu yi mini laifi, ashe da bakina nake ɗaure kaina. Ƙarfin da na yi ta roƙo don aikin dare da kuɗin haya, ban taɓa roƙonsa don danna lambar waya ɗaya ba.

Sai da na yi Lahadi uku ina jan ƙafa. Ran da na kira, muryata na rawa na ce, "Yaya, ni ne. Ka yi haƙuri, ka yafe mini." Ya daɗe bai ce uffan ba, har na duba ko layin ya yanke. Can sai ya ce, "Auta, an ce sanyin garin nan ba kyau. Kana da rigar kirki kuwa?"