Gubar asenik a shinkafar da muke ba yara

Wallahi labarin da ake bayarwa cewa ana samun asenik, wani sinadari mai guba, a cikin shinkafa ya tayar min da hankali, don mu nan Kura da ita ake yaye yaro, da safe kunun gyaɗa da 'yar shinkafa a ciki, da rana dafa-duka, da dare tuwonta. Masu cewa ta waje ce kawai ke da matsala ku yi haƙuri ba haka ba ne, gubar daga ƙasa da ruwa take, kuma shinkafa ta fi sauran hatsi zuƙarta tunda yawanci a cikin ruwa ake noma ta, dusarta ma ta fi tara ta. Yaro kuwa gwargwadon ɗan jikinsa ya fi babba ci, abin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa, in aka daɗe ana ci har cutar daji. Amurka ma a 2020 sai da suka sa iyakar yawan asenik a abincin jarirai na shinkafa. Iyayenmu mata don Allah a dafa ta da ruwa mai yawa a tsiyaye, yana rage kusan rabi, a riƙa sauya wa yara da kunun gero ko dawa. NAFDAC kuma, hukumar kula da abinci da magunguna, su zo su gwada shinkafar kasuwa su faɗa mana.