Wai miyata lami ce

Tun jiya da muka dawo daga sunan nan na Agege, a nan Legas, abin yake cina a rai, na ce bari dai in amayar da shi in huta. Waɗanda suke wajen sun ji da kunnensu, waɗanda ba su je ba kuma na san labari ya riga ni isa, don danginmu ba a kwana da zance. Wai miyata lami ce. Wai abincin asibiti na kawo wa mutane gidan suna. Kuma ba gefe aka ja ni aka faɗa mini ba, a tsakar gida ne, ana shewa ana tafawa, wata har da cewa a miƙo mata dunƙule biyu. Aka miƙo kuwa, ta ɓare, ta murmushe su a kan shinkafar da ta riga ta dahu, ina tsaye ina kallo. Sannu Anti, Allah ya ƙara lafiya, don wallahi za a neme ta.

Bari in gaya muku abin da ke cikin tukunyar da aka kira lami. Albasa na fara soyawa a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta saki zaƙinta. Na daka tafarnuwa da ɗanyar citta a turmi, ban yarda da injin markaɗe ba. Na gasa kimba da masoro da kanumfari da gyaɗar ƙamshi a busasshen kasko har sai da maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana tambayar me ake yi, sannan na daka su. Daddawa ta shiga, kifi banda ya shiga, attaruhu da tattasai sun soyu har mai ya taso. Da na zo saukewa na yayyaga ganyen daddoya, wanda Yarbawa ke ce wa efirin, na watsa a kai na rufe. Gishiri na zuba, ban ce ban zuba ba, amma da cokali na auna. Dunƙule biyu na sa a inda aka saba jefa goma. Wannan miyar ce ba ta da ɗanɗano?

Harshenku ne ya mutu, miyata lafiyarta ƙalau. Gishiri ya dafe muku harshe shekara da shekaru har ba kwa jin komai sai shi. Ku ba mutum citta bai ji ba, ku ba shi kimba bai ji ba, daddawa ma ya wuce ta kamar bai gan ta ba, shi dai gishiri yake lalube. In bai ji ya ɗaure masa baki ya tashe shi neman ruwa da tsakar dare ba, to ba a yi girki ba. Mun mayar da gishiri shi ne daɗi, alhali shi ɗaya ne cikin kayan miya, kuma mafi arha a cikinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Giram 5 fa, ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. Kuma ba na miya kaɗai ake nufi ba, duk abin da ya shiga bakinka daga asuba zuwa kwanciya. To mu yi lissafi irin na gidanmu. Da safe ƙosai ko biredin Agege, duk da gishirinsu. Yara a dafa musu indomi a juye ledar garin ɗanɗanon da ke ciki kaf. Da rana miya, an zuba gishiri, an jefa dunƙule, shi kuma dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne, ku juya bayan kwalin ku karanta abin da aka fara lissafawa. A bi da farin magi, wanda shi ma akwai sinadarin sodiyam a ciki, wato ainihin abin da ake gudu a gishirin. In kuɓewa ce ko wake a jefa kanwa, ita ma sodiyam ce, mutane da yawa ba su san haka ba. Da dare maigida ya shigo da tsire ko kilishi, a barbaɗe shi da yajin da aka daka da gishiri da magi. Sannan wata ta kalle ni ta ce ai ita ba ta cin gishiri da yawa. To, madalla.

Kun san dalilina, ba sai na maimaita ba. Kun san yadda muka kwasa da Baba, mutumin da ya yi shekara talatin yana sammakon kasuwa a garin nan, rana ɗaya aka tashi baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Ni na yi jinyarsa, ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu da cokali yana zubowa ta gefen baki. Likita ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla: gishiri in ya yi yawa jiki riƙe ruwa yake yi, ruwan ya ƙara wa jijiyoyi nauyi, zuciya ta dinga aikin da ya fi ƙarfinta, ƙoda ta gaji. Kuma hawan jini ba ya sallama, mutum yana yawonsa garau sai dai a ji ya faɗi. Da aka auna maigida aka ga shi ma nasa ya fara hawa, ranar na ɗauke robar gishiri daga kusa da murhu. In kare mijina shi ne abincin asibiti, na yarda, gara in dafa shi a gidana da a kai mana shi a kula kan gadon asibitin.

Sai a ce wai kakanninmu sun ci gishiri sun yi shekara casa'in. Wane gishirin? Wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma, a yi makonni a hamada kafin kantu ya iso Kano? Abin da ake gutsura da tsanaki a ɓoye sauran a ɗaki? Kakarki ba ta san dunƙule ba, Anti. A Turai aka ƙirƙiro shi, wajen 1908, kuma sai da aka daɗe kafin ya shigo madafinmu. Da daddawa ta yi miyar kuka, da daddawar batso, da citta da barkono, ta wuni tana daka da surfe da ɗiban ruwa. Ke kuma kina zaune a shago daga safe zuwa magariba, ko ki wuni a cikin danfo, motar haya, a cunkoson Oshodi. Kada ki jingina da kakarki, ba abinci ɗaya kuka ci ba.

Wai kuma Legas akwai zafi, gumi yana fitar da gishirin. Gumin da kike yi a ƙarƙashin fanka? Ki bar wannan hujjar wa 'yan dakon kasuwar Mile 12 masu sauke buhunan albasa. Masu cewa ciwo da mutuwa duk ƙaddara ce kuwa, ban musa ba, amma ban ga wanda ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi gida don ya yi imani da ƙaddara ba.

Yanzu dai ban da wasa, 'yan uwana mata, don mu ne a bakin tukunya. Ba cewa na yi a daina gishiri kwata-kwata ba, jiki yana buƙatar kaɗan, kuma na leda akwai ayodin a ciki mai kare mutum daga maƙoƙo. Ragewa za a yi, a hankali. Ni da na fara, satin farko maigida ture kwano ya yi ya ce yau kuma lafiya? Ban ce masa komai ba, na ƙara tafarnuwa, na matsa lemon tsami a kan kifi, na sa tsamiya a inda ta dace, don tsami yana tayar da ɗanɗano yadda ba za ki nemi gishirin ba. Bayan 'yan makonni harshe ya saba. Ranar da muka ci abinci a wani biki shi da kansa ya ce mini gishirin ya yi yawa, ya kasa cinyewa. Mutumin da a da sai ya barbaɗa kafin ma ya ɗanɗana.

Ki daka yajinki da kanki, don na sayarwa ana cika masa gishiri da magi. In iru, daddawar Yarbawa, kika saya a kasuwannin nan, ki ɗauraye, galibi da gishiri ake adana shi. Busasshen kifi mai gishiri ki jiƙa ki zubar da ruwan. Garin kayan ƙamshi na leda ma ki duba, wasu gishiri ne aka rina. Akwai kuma wani gishiri da ake tallarsa wai na masu hawan jini, na fotasiyam, mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai likita ya ce. Kuma don Allah kada wani ya ajiye maganinsa ya ce ya koma tafarnuwa, ni ban aike shi ba. Maigida yana shan nasa kullum safe, ni nake miƙa masa.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, duk kayan nan namu ne. Ku shiga Mile 12 ku ga su waye a zaune gaban tulin citta da kanumfari da barkono. 'Yan uwanmu ne. Mu muke kawo wa Legas ƙamshi, Yarbawa da Inyamurai suna layi suna saya su yi farfesu, mu kuma mu koma gida mu jefa dunƙule goma mu ce mun iya girki.

Ita cittar ma dai Allah ya kyauta. Tun da cutar nan ta afka wa gonakin kudancin Kaduna a 2023, su Kaciya da kewaye, na daina saye da mudu, sai ƙulli-ƙulli, ina lallaɓa ta kamar turare. Kuma daddawata ta kusa ƙarewa, ta nan ba ta yi mini, ƙamshinta bai kai ba. In akwai mai tahowa daga Kano ko Zariya cikin satin nan ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan tura kuɗin. A nannaɗe ta da leda uku don Allah, wancan karon direban motar har waya ya yi mini yana faɗa.