Bukkokin Attajiran Amurka da Ginin Ƙasa na Gida

A arewacin jihar New York, inda nake zaune, akwai tsaunuka da tafkuna da ake kira Adirondack, kuma a dazukansu ne manyan attajiran Amurka suka riƙa gina gidajen gungumen itace domin su guje wa zafin birni idan bazara ta kama. William West Durant ne ya share wannan hanya a 1877 da gidan Pine Knot a bakin tafkin Raquette, daga baya ya gina Uncas, wanda J. P. Morgan ya saya, da Sagamore, wanda ya koma hannun Alfred Vanderbilt a 1901.

Wanda ya hango gidajen daga nesa zai ɗauka na masu saran itace ne, domin da gangan aka bar ɓawo a jikin gungumen, aka yi shingen baranda da rassa karkatattu, aka gina murhu da duwatsun dajin. Amma talaucin na ado ne kawai. A Sagamore akwai ruwan famfo mai zafi da mai sanyi, akwai zauren cin abinci a gini na daban, ga barori da masu dafuwa da aka keɓe musu unguwarsu a inda baƙi ba za su gan su ba. Durant kansa kashe kuɗin ya kai shi ga karayar arziki a 1904.

Wannan riya ba ta burge ni, sai dai dole a faɗi amfanin da ta yi: da masu hannu da shuni suka rungumi ginin talaka, sai sana'ar kafintocin daji ta yi daraja, har ga shi yau ana adana Sagamore a matsayin wurin tarihi, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Mu ma ba baƙin wannan al'ada ba ne, tunda sarakunan Kano suna da gidajen hutawa a Fanisau da Ɗorayi, kuma da tubali da azara aka tayar da su. Bambancin shi ne attajirin yau a Kano ko Damagaram, idan zai gina gidan gona, bulo da siminti da rufin kwano yake nema, sannan ya sayi janareta da na'urar sanyaya ɗaki domin yaƙar zafin da shi ya jawo wa kansa, alhali soron ƙasa mai kaurin bango yana riƙe sanyi da rana tsaka ba tare da digon mai ba. A idonsa ginin ƙasa alamar rashi ce. Shi ya sa maginan da suka gaji fasahar Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma sun koma dakon siminti a wajen birkiloli.